Fitar da kiɗan biki daga kwamfuta zuwa fiyano da takarda

Aikin da aka kawo mini a situdiyona da ke Garwa, a arewacin Kamaru, waƙar biki ce, irin waɗanda muke haɗawa bayan ƙaramar sallah lokacin da ɗaurin aure yake yawa. Na haɗa ta a manhajar FL Studio kamar yadda na saba, da ganga da kotso da kuge da caki da ƙwarya da tafi, sannan wani dattijo makaɗin kalangu na unguwarmu ya zo ya ɗora nasa a kai. Dangin ango ne suka sauya yanayin aikin, domin sun ce ba sa son a saka waƙar daga lasifika kawai, so suke a buga ta a gaban jama'a a Marwa. Mai fiyanon da suka ɗauka mutumin Marwa ne, yana aiki da fiyanon lantarki na Yamaha irin na PSR, kuma ya nemi in aika masa da fayil ɗin MIDI na gangunan domin fiyanon ya riƙa buga su shi kuma yana bin waƙar da hannu. Akwai kuma aminin mahaifin ango a Ngaundare, wanda ya yi shekaru yana kaɗa ganga a badujalar soja kafin ya yi ritaya. Shi zai zo da yaransa su ƙara hannu, amma ya ce a rubuta masa kiɗan a takarda, domin da ido ya saba koyon kiɗa, da ido kuma yake koyar da shi.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne babu sauti ko kaɗan a cikin fayil ɗin MIDI. Tsari ne da masu ƙera kayan kiɗa suka yarda da shi a 1983 domin na'urori su riƙa yi wa juna magana, kuma abin da yake ɗauka umarni ne kawai: a tasha kaza, a buga lamba kaza, da ƙarfi kaza, a lokaci kaza. Tashoshin 16 ne, lambobin sauti kuma daga 0 zuwa 127. Fayil ɗin kamar takardar da ake ba ɗan aike ce wadda aka rubuta lambar rumfa a ciki ba sunan kaya ba, wanda idan aka tura shi wata kasuwa mai nata tsarin rumfuna, zai dawo da abin da ba a aike shi ba, kuma ba za a ce ya yi laifi ba. Saboda wannan ne a 1991 aka fito da ƙa'idar General MIDI, wadda ta keɓe tasha ta 10 ga kayan bugu, ta kuma ba kowace lamba daga 35 zuwa 81 abin bugunta.

Na fara da fayil ɗin mai fiyano. A FL Studio akwai umarni a ƙarƙashin Tools, cikin Macros, wanda yake shirya aiki domin fitar da MIDI ta hanyar mayar da kowane layin kiɗa zuwa MIDI Out. Umarnin yana cire sautukan da mutum ya ɗora, saboda haka na ajiye aikin da wani suna dabam kafin in taɓa shi, abin da dama ya zama mana al'ada a watannin zafi da wuta take yawan ɗaukewa. Na fitar da fayil ɗin, na aika ta WhatsApp, mai fiyano ya zuba shi a filashi ya saka. Da ya kira ni sai ya kara wayar a lasifika, na ji fiyano yana maimaita murya ɗaya tak da saurin caki, babu ko alamar ganga. Dalili na farko a bayyane yake, wato layukan sun faɗa tashoshin da ba ta 10 ba, kuma duk tashar da ba a zaɓa mata murya ba, murya ta farko take ɗauka, wadda a General MIDI ita ce babban fiyano. Na mayar da duka layukan tasha ta 10 na sake aikawa. Wannan karon an sami bugu, amma ganga da kotso da kuge da tafi duk sun koma ƙaramar ganga guda mai siririyar murya.

A nan ne na buɗe kowane layi na duba lambar da yake aikawa, na tarar duka 60 ce. Haka tsarin jera bugu na FL Studio yake aiki: kowace ganga tana da layinta da nata sautin da aka ɗora, kuma kowane akwati da mutum ya danna yana buga wannan sauti a kan muryarsa ta asali, wadda manhajar take kira C5, lambarta kuwa 60. A cikin situdiyo wannan ba matsala ba ce, domin layin ne yake bambanta ganga da ganga. Da zarar an cire sautukan aka tara layukan a tasha ɗaya, sai lamba kaɗai ta rage ta yi bambancin, lamba 60 kuma a tasha ta 10 bongo ce mai ƙaramar murya. Ya zama dole kowane abin bugu ya sami tasa lamba.

Na nemi mai fiyano ya faɗa mini inda gangunan suke a kan maɓallansa, ya ce gangar ƙafa tana C1, gangar zaga tana D1. Fayil ɗin gwaji da aka jera bisa waɗannan sunaye ya fito rabinsa shiru, rabinsa wasu ƙararraki da ba mu san da su ba. Da muka zauna muka lissafa sai muka ga kowannenmu gaskiya yake faɗa bisa ƙirgarsa. Lamba 60 ɗin nan Yamaha tana kiranta C3, manhajar rubuta kiɗa ta MuseScore da yawancin littattafan kiɗa suna kiranta C4, FL Studio tana kiranta C5. Saboda haka gangar ƙafa, wadda lambarta 36, C1 ce a wurinsa amma C3 ce a wurina, C1 ɗina kuwa lamba 12 ce, can ƙasa inda General MIDI ba ta ajiye komai ba. Dattijon Ngaundare kuma da nasa tsarin na makarantun Faransanci, inda ake cewa do, re, mi, kuma ake kiran lamba 60 do ta uku. Tun daga ranar na roƙi mu daina ambaton haruffa, duk wanda zai yi maganar ganga ya faɗi lambarta, kuma ina ganin wannan shawara ta rage mana wahala fiye da duk wani gyara da na yi a cikin manhaja.

Zaɓen lambobin shi ne inda ra'ayi ya shigo, domin jerin General MIDI an tsara shi ne bisa gangunan zamani na Turai da Amurka da kayan bugun Latin Amurka, babu ganga ko kotso a cikinsa, sai dai mutum ya nemi mafi kusa. Bugun ganga mai kauri na ba shi 36, bugun gefen da zaga take na ba shi 38, tafi kuma dama yana da tasa lamba, 39. Caki ya tafi 70. Ƙwarya na raba ta tsakanin 76 da 77, waɗanda sautin katako ne, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ko da yake bugun dunƙulen hannu a tsakiyar ƙwarya ya fi su nauyi nesa ba kusa ba. Kotso ya sami lambobi uku na konga, wato 62 ga bugun da aka danne, 63 ga buɗaɗɗe, 64 ga mai kauri. A kan kuge muka yi gardama da mai fiyano, shi yana son 56, ni kuma na fi son 67 da 68 domin kugen da na ɗauka murya biyu yake bayarwa, kuma amsa-amon da ke tsakaninsu ne yake riƙe da rawar. Daga ƙarshe ya saurari duka biyun a lasifikarsa ya yarda da nawa, amma ya ce in rage musu ƙarfi domin suna tsaga kunne, na kuwa rage.

Da wannan ya daidaita sai na juya ga takarda. Na shigar da fayil ɗin cikin MuseScore, wadda kyauta ake samunta, na tarar da shafuka cike da alamomin da babu makaɗin da zai iya karantawa: ƙananan hutu barkatai, igiyoyi suna haɗa alama da alama, da lamba uku a saman kusan kowane bugu. Dalilai biyu ne suka haɗu. Na farko, kotso da ganga da hannu aka buga su a kan maɓalli, ba a jera su daidai kan layi ba, kuma wannan ɗan gaba da ɗan baya shi ne daɗin kiɗan. Fayil ɗin MIDI yana raba kowane bugun kwata, wato alamar tsawon da ake auna lokacin kiɗa da ita, zuwa ƙananan ƙwayoyi, 96 a tsarin da FL Studio take zuwa da shi, 480 a MuseScore, saboda haka bugun da ya makara da 'yan ƙwayoyi kaɗan, manhajar rubutu tana ƙoƙarin nuna makararsa da gaskiya ta hanyar saka masa ɗan guntun hutu a gaba. Haka nan tsawon alama ba ya sauya sautin ganga, an buga an gama, amma a takarda tsawon ne yake yanke siffar alamar da hutun da zai biyo ta. Na yi kwafi na biyu na musamman domin rubutu, na jera kowane bugu daidai kan layi, na ba su tsawo iri ɗaya, na bar kwafin mai fiyano da sassaucinsa.

Dalili na biyu ya fi zurfi. Kiɗan, kamar yawancin kiɗan rawarmu, kowane bugu a cikinsa kashi uku yake rabuwa. A situdiyo muna barin aikin a kan 4/4, wato kwata huɗu a kowane gida, ɗan yankin da ake rarraba kiɗa a cikinsa, mu raba kowane bugu uku, ni kuma na sa saurin a bugu 100 a minti. Idan aka rubuta shi haka, kowane rukuni sai an ɗora masa alamar 'yan uku, shafi ya cika da lambobi. Dattijon Ngaundare ya ce mini a waya: “Ɗana, wannan 12/8 ne, ka rubuta shi a gidansa.” Na ce to, Baba, na sake rubuta kiɗan da hannu a 12/8, inda kowane gida yake ɗauke da rabin kwata 12 a rukuni huɗu, kuma bugun da ƙafa take bi ya zama kwata mai ɗigo, wato kwata da rabinsa. Shafin ya yi fes. Sai dai akwai tarko ga wanda zai fitar da MIDI daga wannan rubutu, domin fayil ɗin MIDI kullum da kwata marar ɗigo yake auna sauri. Kwata mai ɗigo 100 a minti daidai yake da kwata 150, saboda haka allon fiyano 150 zai nuna, ko da yake kunne ba zai ji wani bambanci ba. Mai fiyano yana so ya iya tsallakawa daga fayil ɗin zuwa salon kiɗan da ke cikin na'urarsa ba tare da sauri ya sauya ba, shi ya sa nasa fayil ya zauna a 4/4 da saurin 100, takarda kuma ta zauna a 12/8. Akwai ƙarin dalilin da ya hana ni ba shi fayil daga rubutun: alamomin ƙarfi na takarda matakai ne 'yan kaɗan, a MuseScore ta 3 matsakaicin ƙarfi 80 ne, mai ƙarfi 96, alhali ƙananan bugun kotso da ke tsakanin manya suna ƙasa da haka sosai, kuma idan aka daidaita su duka kiɗan yana bushewa.

Saura wurin zaman kowace ganga a kan layuka biyar. A rubutun ganguna layi ba ya nufin murya, yarjejeniya ce kawai, kuma wadda aka fi bi tana sa gangar ƙafa a fili na farko daga ƙasa, gangar zaga a fili na uku, kayan ƙarfe kuma a sama da alamar gicciye maimakon ɗigo. Abin da hannu yake bugawa sandarsa tana kallon sama, na ƙafa tana kallon ƙasa. A MuseScore akwai teburin da yake haɗa kowace lamba da sunanta, da layinta, da siffar kanta, da inda sandarta za ta kalla, kuma mutum yana iya gyara shi ya ajiye a fayil mai ƙarewa da drm domin aikin gaba. Na gina nawa da sunayen Hausa. Abin lura a nan shi ne idan aka ɗaga alama sama da kibiya domin ta yi kyau a ido, manhajar tana mayar da ita wata ganga ce dabam mai wata lamba, don haka duk gyaran wuri a teburin ake yinsa. Tun da makaɗan mutum uku ne, na raba rubutun gida uku, ganga nata, kotso nasa, kuge da caki da ƙwarya tare, na kuma sa jadawalin ma'anar alamomi a saman shafin farko. Ɗaya daga cikin yaran dattijon ya nemi fayil ɗin MusicXML, tsarin da ake ɗaukar rubutun kiɗa da shi daga manhaja zuwa manhaja, domin ya buɗe a tasa manhajar, sai ya kira yana cewa gangar ƙafa ta koma 37. Ba ta koma ba, MusicXML daga 1 zuwa 128 take ƙirga waɗannan lambobi, MIDI kuwa daga 0 zuwa 127.

Kalangu na bari a ƙarshe domin na san shi ne zai fi ba da wuya. Sauran ganguna kowane bugu murya ɗaya yake da ita, amma makaɗin kalangu yana matse tsarkiya da hammata yana sassautawa, murya tana hawa tana sauka bayan makaɗi ya riga ya taɓa fata, kuma da wannan hawa da sauka yake kwaikwayon karin harshen Hausa har a ji taken mutum. Tasha ta 10 ba ta da wurin wannan, domin kowace lamba a cikinta wani abin bugu ne dabam. MIDI tana da umarnin lanƙwasa murya, mai matakai daga 0 zuwa 16383, tsakiyarsa 8192, amma umarnin tasha guda yake kamawa gaba ɗaya, saboda haka a tashar ganguna ko dai na'ura ta yi biris da shi, ko ta lanƙwasa kuge da caki tare da kalangun. Na fitar da kalangu zuwa tasha ta 5 shi kaɗai, na ba shi murya ta 118 a jerin General MIDI, wadda ganga ce mai bin matakan murya. A nan ma ƙirgar nan ta sake bayyana, domin a cikin fayil 117 ake rubuta ta, kuma wanda ya zaɓi 117 a na'urar da take ƙirga daga 1, babbar gangar Japan zai samu.

Faɗin lanƙwasar da na'urori suke zuwa da shi rabin mataki biyu ne sama, biyu ƙasa, alhali tazarar da ke tsakanin muryar ƙasa da ta sama a kalangun dattijonmu ta wuce haka sosai. Ana faɗaɗa shi da umarni uku a farkon tashar: mai lamba 101 a sa shi 0, mai lamba 100 a sa shi 0, sannan mai lamba 6 a ba shi yawan rabin matakan da ake so, ni na sa 12. Daga nan na riƙa sauraron abin da aka ɗauka jimla bayan jimla ina zana hawa da saukar da hannu, ina kuma tabbatar da cewa layin ya koma 8192 kafin bugu na gaba, in ba haka ba sabon bugun a karkace zai fara. Wannan ne ya fi cin lokaci a duk aikin. Da na gama na kira makaɗin kalangun na saka masa, na ce, “Baba, ko ka ji taken ango a ciki?” Ya saurara har ƙarshe, ya ce hawa da saukar suna nan inda suke, amma da a ce daga bayan katanga ya ji, ba zai san wa ake kira ba. Na yarda da shi, domin sautin da fiyano yake lanƙwasawa guntu ne mai saurin mutuwa, kafin muryar ta kai inda za ta ya riga ya ɓace, kuma babu ƙarar tsarkiya da ta fata da suke cika maganar kalangu.

Muka tsayar da cewa dattijon makaɗin kalangun zai bi motar 'yan biki zuwa Marwa ya kaɗa da hannunsa. Layin kalangun na bar shi a cikin fayil a tasharsa ta 5, domin mai fiyano ya yi atisaye da shi ya san inda zai ba da fili, ranar biki kuma ya kashe tashar. A takarda na ba kalangu layi uku, sama da tsakiya da ƙasa, da karkatattun zane inda murya take zamewa, na rubuta kalmomin taken a ƙarƙashin alamomin domin makaɗan Ngaundare su san inda za su sassauta.

Gyara na ƙarshe a farkon fayil ɗin yake. Mai fiyano ya lura cewa idan ya buga wata waƙa kafin tawa, wani lokaci bugun farko yana fitowa da muryar waccan waƙar. Na saka gida ɗaya wanda babu kiɗa a gaba, na sa saƙon da yake mayar da na'ura kan General MIDI a farkonsa, zaɓen murya da faɗin lanƙwasa suka biyo bayansa da ɗan tazara, sannan gida na biyu ya zama ƙirga huɗu da sautin sanda, lamba 37, domin makaɗan hannu su shiga tare da na'ura. Na ajiye fayil ɗin iri biyu, nau'i na 1 mai layuka a rarrabe domin gyara, da nau'i na 0 wanda komai yake cikin layi ɗaya domin wasu tsofaffin fiyanoni shi kaɗai suke karantawa, na ba su gajerun sunaye marasa ƙugiya, na kuma ce masa filashin ya kasance a tsarin FAT32. Waɗannan gidaje biyu na shiri da na ƙirga ba su shiga takarda ba, saboda haka na rubuta a saman shafin cewa gida na 1 a takarda shi ne na 3 a allon fiyano.